Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa a kan Duwatsun Ikom

Zuwa ga Darakta Janar,
Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa,
Abuja.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan hukumarka, na rubuto maka ne a kan sassaƙaƙƙun duwatsun nan da ke tsaye a ƙauyukan Bakor, tsakanin Ikom da Ogoja a Jihar Kuros Riba, waɗanda mutanen wurin suke kira akwanshi ko atal. Na zaɓi in yi wannan magana a fili, kuma da Hausa, domin dokar 1979 da ta kafa hukumarka ta ɗora mata amanar kayan tarihin ƙasar nan gaba ɗaya a madadin kowane ɗan ƙasa, kuma domin 'yan kasuwarmu da direbobinmu sun daɗe suna bin hanyar da ta taso daga Katsina-Ala ta ratsa Ogoja da Ikom zuwa Kalaba, suna wucewa kusa da waɗannan duwatsu ba tare da wani ya taɓa gaya musu abin da ke bayan gonakin da suke gani ba. Buƙatata ɗaya ce, ko da yake tana da rassa: a bar duwatsun nan a ƙasar da aka kafa su, a kare su a can, waɗanda aka kwashe a mayar da su can, kuma duk gyaran da za a yi musu a yi shi da rubutu da alama, ta yadda na baya zai san abin da magabata suka yi da abin da mu muka ƙara.

Ga wanda bai san su ba, duwatsu ne masu siffar tsaye, yawancinsu na baƙin dutse mai tauri irin na aman wuta, kaɗan kuma na dutse mai laushi irin wanda ake yin siminti da shi. Akwai waɗanda ba su kai gwiwar mutum ba, akwai waɗanda suka kusa mita 2. Masassaƙan ba su canja siffar dutsen sosai ba, sun bi yadda ruwa da zamani suka goge shi, sannan suka fitar da fuska a samansa: idanu, hanci, baki, gemu mai tsini da ya gangaro zuwa ƙirji, da cibiya mai tudu a tsakiya. A gefe da gefe akwai zane-zanen da'ira cikin da'ira, da masu naɗewa kamar gammo, da masu kusurwa, waɗanda masana da dama suke dangantawa da tsagar jiki ta mutanen yankin da kuma alamomin nsibidi, wato tsohon rubutun alamomi na mutanen wannan yanki. Babu biyu da suka zama iri ɗaya. Yawanci a da'ira aka jera su suna fuskantar juna, a filayen tsofaffin garuruwa, kuma zuriyoyin Nta da Nselle da Nnam da Nde da Ekajuk da maƙwabtansu suna ɗaukar su a matsayin tunawa da shugabanni da kakannin da suka shuɗe.

Labarinsu ya fara shiga rubutu ne ta hannun wani jami'in mulkin mallaka, Charles Partridge, wanda ya bayyana su a 1905. Amma aikin da har yau ake dogara da shi shi ne na Philip Allison, tsohon ma'aikacin gandun daji, wanda Sashen Kayan Tarihi na Tarayya, wato mahaifin hukumarka, ya tura a 1961 da 1962. Ya bi ƙauye ƙauye da kyamara da abin awo, ya ƙidaya duwatsu 295, ya ɗauki hotunansu, ya rubuta inda kowanne yake, aka buga rahotonsa a 1968. Ina roƙon ka lura da waɗannan shekaru, domin yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, bai ƙare ba sai 1970, kuma yankin Ikom na cikin wuraren da yaƙin ya taɓa. A lokacin da ake buga rahoton da ya ƙidaya duwatsun, an riga an shiga zamanin da aka fara kwashe su. Iyakar Kamaru ba ta da nisa da Ikom, kuma ta nan ne duwatsu da dama suka fita a shekarun yaƙi da na bayansa, har suka ɓulla a kasuwannin kayan fasaha na Turai da Amurka. Wanda ya yi wa ɓarayi nauyi, sai su fasa shi, su ɗauki kan da ke da fuska, su bar gindin a binne.

Kan shekarunsu kuwa, magana ba ta zama ɗaya ba, kuma wannan saɓani yana da muhimmanci ga abin da nake roƙo. Allison ya dogara da jerin sunayen shugabannin Nta da dattawa suka ba shi, ya ƙiyasta cewa an fara sassaƙar ne wajen ƙarni na 16 aka ci gaba har kusan zuwan Turawa. Daga baya Farfesa Ekpo Eyo, wanda shi ne shugaban wannan hukuma na farko, ya yi tono a yankin a shekarun 1980, gwajin kimiyya na gawayin da ya samu ya nuna wajen shekara ta 200 miladiyya. Tsakanin ƙiyasin biyu akwai fiye da shekara dubu. Dalilin wannan tazara shi ne, ba a iya auna shekarun sassaƙa a jikin dutse kai tsaye. Abin da ake aunawa shi ne abin da ke cikin ramin da aka kafa dutsen: gawayi, sakaina, ƙashi, da yadda ƙasa ta hau kan ƙasa. Saboda haka amsar tambayar tana kwance a ƙarƙashin kowane dutse da ba a taɓa girgiza shi ba. Duk dutsen da aka tumɓuke, ko ɓarawo ne ya tumɓuke shi ko mai kyakkyawar niyya da yake so ya kai shi inda ya fi tsaro, an lalata shaidar da ba za ta sake haɗuwa ba. Wannan ne ya sa ba na goyon bayan shawarar da wasu sukan kawo cewa a tattara abin da ya rage a kai Legas ko Kalaba a kulle a ɗaki.

Sata ita ce ta fi jan hankalin jaridu, amma a ganina wuta ce ta fi gaggawa. Da yawa daga cikin filayen da duwatsun suke sun koma gonakin doya da rogo, wasu kuma kurmin da ya lulluɓe su a da an sare shi. Manomi idan ya yi sassabe da rani, sai ya tara ciyawa da itace ya cinna wuta, kamar yadda ake yi a ko'ina a ƙasar nan, kuma ba da niyyar ɓarna yake yi ba. Sai dai dutse idan ya sha wuta, fatarsa ta waje takan yi zafi ta buɗe alhali cikinsa da sanyi, sai ta tsage ta ɓamɓare. Sassaƙar akwanshi kuwa duk a wannan fata take, zurfinta bai wuce gaɓar yatsa ba. Gobara ɗaya mai ƙarfi tana iya share fuskar da ta jure damina ɗaruruwa, kuma babu gwanin da zai iya mayar da ita. Wanda yake shakkar ƙarfin wuta a kan dutse ya dubi abin da ya faru a Avebury da ke Ingila, inda a ƙarshen ƙarni na 17 da farkon na 18 mutanen gari suka riƙa farfasa manyan duwatsun da'irar garinsu domin gini. Hanyar da suka bi ita ce su hura wuta a ƙarƙashin dutsen, in ya yi zafi su kwara masa ruwan sanyi, sannan su buga da guduma. William Stukeley ya gani da idonsa a shekarun 1720 ya zana. Abin da mutanen Avebury suka yi da gangan, shi ne gobarar rani da ruwan farkon damina suke yi wa duwatsun Bakor a hankali kowace shekara.

Maganin wannan bai kai tsadar gina gidan tarihi ba. Ana buƙatar a shata fili a kewayen kowace da'ira, a daidaita da masu gonakin a biya su diyyar abin da suka bari, a share iyakar kafin a fara ƙona daji, a kuma biya wani ɗan ƙauyen albashi na yau da kullum domin ya tsaya a kai. An kewaye wasu wurare kamar filin duwatsun ƙauyen Alok da katanga, kuma hakan ya taimaka, amma wuraren sun kai gommai, wasu a cikin daji nesa da titi, kuma katanga ba ta share ciyawar da ta fito a cikinta. Abin da ya fi katanga amfani shi ne mutumin da ya san cewa idan fuskar dutse ta ƙone za a tambaye shi, kuma idan ya kiyaye ta za a biya shi a kan lokaci.

Ranka ya daɗe, na zo kan batun gyara, wanda shi ne na fi jin tsoronsa, domin idan kuɗi suka samu, daga gwamnati ko daga masu ba da tallafi na waje, abin da ake fara tunani shi ne a ɗaga waɗanda suka faɗi, a miƙe waɗanda suka karkace, a zuba kankare, a kira 'yan jarida. Akwai wurin da aka bi wannan hanya fiye da shekara sittin, kuma tarihinsa a rubuce yake, shi ne Stonehenge a kudancin Ingila, wanda aka kafa manyan duwatsunsa wajen shekara 2500 kafin miladiyya. Mai ziyara a yau yana ganin duwatsu tsaye da lintocinsu, wato duwatsun da aka ɗora musu a ka, a gicciye, yana tsammanin haka suke tun farko. Gaskiyar ita ce, a watan Janairun 1797 wasu ginshiƙai biyu da lintarsu suka kife, a ranar ƙarshe ta shekarar 1900 kuma wani ginshiƙin ya sake faɗuwa da tasa lintar. Wannan faɗuwa ta biyu ce ta tayar da hankali, har a 1901 aka ɗauko William Gowland ya miƙe dutse mafi tsawo a wurin, wanda ya karkace har ana tsoron zai karye. Gowland ya yi abu biyu a lokaci guda, ɗaya abin koyi, ɗaya abin gudu. Ya tona gindin dutsen a tsanake, ya tankaɗe ƙasar, ya rubuta zurfi da matsayin duk abin da ya samu, ciki har da ƙahonin barewa da aka yi haƙa da su da duwatsun da aka yi sassaƙa da su, kuma daga nan ne aka fara fahimtar zamanin masu ginin a kan shaida. Amma ya dasa dutsen cikin kankare, kuma a wajen miƙewar ya gusa da shi kimanin rabin mita daga asalin mazauninsa.

Bayan Cecil Chubb ya sayi wurin a gwanjo a 1915 a kan fam 6,600, ya kuma ba wa ƙasa kyauta a 1918, gwamnati ta ci gaba da aikin. A 1919 da 1920 aka miƙe wasu ginshiƙai aka zuba musu kankare, a 1958 aka kawo babban injin ɗaga kaya aka tayar da waɗanda suka faɗi a 1797 da 1900, a 1963 wani ya sake faɗuwa aka tayar da shi a shekara mai zuwa. Sakamakon haka, da yawa daga cikin duwatsun da ke tsaye a yau a cikin kankare suke, kuma ramukansu na asali sun tafi. Shekaru da dama littattafan da ake sayar wa masu ziyara ba su ba wannan aiki muhimmanci ba, shi ya sa da hotunan injin ɗaga kaya suka yaɗu daga baya, wasu suka ɗauka an yaudare su, har yau ma akwai masu cewa wurin duka ƙirƙira ce ta ƙarni na 20. Ba ƙirƙira ba ce, domin kowane dutse na asali ne kuma an rubuta aikin, amma shirun da aka yi ya ba masu zargi abin riƙewa. Sannan a 2021 sai da aka koma da ma'aikata suka ƙwaƙule simintin da aka cusa tsakanin lintoci a shekarun 1950 da 1960, domin ya fara farfashewa, aka maye gurbinsa da kwaɓin farar ƙasa mai laushi wanda yake barin danshi ya fita. Siminti ya fi wasu duwatsun tauri, yana riƙe ruwa, yana ɗauke da gishirin da ke cin dutse, kuma cire shi ba ya yiwuwa sai da rauni. Idan ƙasar da ba ta da zafi da ruwan sama irin na Kuros Riba ta ga haka, ba mu da dalilin fara abin da suka daina.

Akwai kuma waɗanda suka yi abin da ya dace mu ɗauka. A Carnac da ke yammacin Faransa, inda duwatsu kusan 3,000 suke jere, Zacharie Le Rouzic ya riƙa sa ɗan jan kwaɓi a jikin dutsen da aka sake tayarwa, domin duk mai dubawa ya bambance shi da wanda bai taɓa faɗuwa ba. A Avebury, a shekarun 1930 Alexander Keiller ya tayar da duwatsun da aka binne tun da daɗewa, inda kuma ya sami rami babu dutse, bai sassaƙa sabo ya kafa ba, ya sa ƙaramin tubali na kankare mai siffar da kowa zai gane na zamani ne. Ƙa'idar da nake roƙon hukumarka ta rubuta ta kuma wallafa tun kafin a taɓa ko da dutse ɗaya a Bakor ita ce wannan: ba za a ɗaga dutsen da ya faɗi ba sai an gano raminsa an tona shi bisa ilimi, an ɗauki gawayinsa domin gwaji, ba za a ɗaga shi ba sai hoton Allison ko shaidar dattawa ta nuna inda ya dosa da inda yake fuskanta, za a tokare shi ne da ƙasa da duwatsu, kamar yadda masu kafa shi suka yi, kuma za a sa alama a rubuta ranar da aka yi da sunan wanda ya yi. Dutsen da ba a san mazauninsa ba, a bar shi a kwance a kare shi a haka. Kwanciyarsa ma wani ɓangare ne na tarihinsa.

Daga aikin 1958 ɗin nan na Stonehenge akwai wani labari da ya shafi batun dawo da abin da aka kwashe. Ɗaya daga cikin ginshiƙan da aka tayar yana da tsaga, sai aka huda shi wuri uku aka zura rodi, aka zaro dogayen sanduna na dutse daga cikinsa. Wani ma'aikacin kamfanin da ya yi hujin ya riƙe ɗaya, daga baya ya ƙaura da ita Amurka, sai a 2018, yana dab da shekara 90, ya mayar da ita. Da yake ba a yarda a fasa jikin Stonehenge domin gwaji ba, wannan sanda ce ta ba masana damar nazarin cikin dutsen, kuma a 2020 suka bayyana cewa 50 daga cikin manyan duwatsu 52 da suka rage an ɗauko su ne daga West Woods, kimanin kilomita 25 arewa da wurin. Tambayar da aka yi ƙarnuka ana yi, guntun da ya koma gida ne ya amsa ta.

Irin wannan dama tana gabanmu. Tun daga 2016 gidauniyar Factum da ƙungiyar TARA mai kula da zanen duwatsu na Afirka, tare da malaman Jami'ar Kalaba da ma'aikatan hukumarka, suka shiga ƙauyukan Bakor suna ɗaukar kowane dutse hotuna masu yawa ta kowace fuska, ana haɗa su a kwamfuta su ba da siffarsa daidai, suna kuma gwada abin da suka tarar da hotunan Allison. Ta haka aka gano cewa wani kan akwanshi da ke gidan tarihi na Metropolitan a New York, gindinsa yana nan a binne a Ntitogo, a ƙasar Bakor. A 2023 kuma gidan tarihi na Chrysler da ke Jihar Virginia ya mayar wa Nijeriya wani dutse, bayan an nuna masa hoton Allison da ya tabbatar cewa a 1961 yana nan a ƙauyensa. A shekarar ce kuma Gidan Tarihi na Birtaniya ya yi ɗan baje koli a Landan a kan halin da duwatsun suke ciki. Duk wannan ya yiwu ne saboda wani mutum ya zauna ya ƙidaya, ya auna, ya ɗauki hoto, fiye da shekara sittin da suka wuce. Nijeriya ta shiga yarjejeniyar 1970 ta hana safarar kayan tarihi, wadda UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta shirya, tun 1972, ta kuma sa hannu da Amurka a kan yarjejeniyar hana shigar da kayan tarihinta Amurka ba bisa ƙa'ida ba a 2022, amma takarda ba ta karɓo dutse sai da hujjar cewa wannan dutsen, a wannan shekara, yana wannan wuri. Saboda haka ina roƙon a fitar da cikakken kundi a intanet, lamba da lamba bisa ƙidayar Allison: wanda yake nan lafiya, wanda ya ƙone, wanda ya karye, wanda ya ɓace, da wanda aka san inda yake a waje. Dillalin da ya san hoton kayansa yana gaban kowa zai sha wahalar samun mai saye, kuma jami'in kwastan a Mfum, kan iyakar Kamaru, zai san abin da yake nema.

Abin da ya rage shi ne ina dutsen zai sauka idan ya dawo. Na fahimci cewa doka ta sa kayan tarihi a hannun Tarayya, na kuma fahimci tsoron kada a mayar da dutse inda aka sace shi a sake sacewa. Amma idan tafiyarsa ta ƙare a ɗakin ajiya a Legas ko Abuja, to ga mutanen ƙauyen da aka cire shi babu abin da ya canja, sai dai sunan garin da ba za su je ba. Kan da ke New York yana da gindi a Ntitogo, kuma a nan kaɗai ne zai koma dutse cikakke. Idan tsaro bai samu ba tukuna, a ajiye shi a Alok, inda jama'arsa za su iya zuwa da ƙafa ko da babur, a sa kwafi mai alama a mazauninsa, a kuma faɗa wa mutane a fili sharuɗɗan da idan sun cika za a mayar da na ainihi. Mu a Arewa mun san ɗacin wannan, domin mun ga yadda aka tone ƙasar Nok a kudancin Kaduna a shekarun 1990, aka fitar da mutum-mutumin yumɓu ba adadi, masu tonon suka sami ɗan abin da suka samu, ilimin da ke cikin ramukan kuma ya salwanta gaba ɗaya.

Mutanen Bakor ba baƙi ba ne a wannan aiki da za a kira su taro bayan an gama yanke shawara. A wasu ƙauyukan har yanzu, lokacin bikin sabuwar doya a watan Satumba, ana share filin, a shafa wa duwatsun alli da launuka, a miƙa musu sakwara da manja. Mai gyara da ya zo daga birni zai iya ganin wannan shafe-shafe a matsayin ɓata kayan tarihi, alhali kuwa wuraren da ake wannan biki su ne waɗanda ciyawa ba ta cinye ba, domin akwai masu zuwa su duba. A wasu ƙauyukan kuma jama'a sun bar tsohuwar al'ada, duwatsun sun zama marayu, ba mai ƙi ba mai so, kuma irin waɗannan su ne suka fi saurin ƙonewa ko ɓacewa. Kowane irin wuri yana buƙatar tasa yarjejeniyar, da sarakuna da masu gonaki da matasa da shugabannin coci, a rubuce, da harshen da suke ji.

Na san a cikin masu karanta wannan wasiƙa akwai 'yan uwana da za su ce me ya haɗa Musulmi da kare sassaƙaƙƙun duwatsu. Amsata ita ce babu wanda ya nemi kowa ya girmama su ta fuskar ibada. Shaida ce ta cewa mutanen wannan ƙasa sun iya sarrafa dutse mai tauri, sun tsara shugabanci, sun ajiye tarihin zuriyarsu ta hanyar da suka sani, tun kafin wani Bature ya sauka a gaɓar teku. Hukumar da muke so ta kare mana zanen duwatsun Birnin Kudu da ganuwar Kano da kushewar Durɓi ta Kusheyi ita ce wannan, kuma da doka ɗaya take aiki. Idan muka yarda a yi sakaci da na Ikom don ba namu ba ne, ba mu da bakin magana ranar da aka yi sakaci da namu.

Tun 2007 aka sa duwatsun Alok da Ikom a jerin wuraren da Nijeriya take niyyar gabatar wa UNESCO domin shiga jerin gadon duniya, a 2008 kuma Asusun Wuraren Tarihi na Duniya ya sa su cikin waɗanda ke cikin haɗari. Sukur ta shiga jerin gadon duniya a 1999, kurmin Osun a Osogbo ya shiga a 2005. Maƙwabtanmu Senegal da Gambiya sun haɗa kai sun shigar da da'irorin duwatsunsu na Wassu da Kerbatch da Sine Ngayène da Wanar a 2006, har Gambiya ta sa hoton nata a takardar kuɗi. Abubuwan da UNESCO take tambaya kafin ta amince su ne ainihin waɗanda na roƙa a sama: iyaka a shate, kundi cikakke, tsarin kulawa da jama'ar wuri suka sa hannu, da tabbacin cewa abin da ake nunawa na asali ne. Ko da ba a taɓa samun shiga jerin ba, aikin da aka yi domin neman shigar shi ne zai tsare duwatsun.

Ina roƙon ka, ranka ya daɗe, a cikin duk waɗannan a fara da wanda ba ya jira. Ana fara ƙona daji a yankin Ogoja da Ikom da zarar ruwa ya ɗauke iskar hunturu ta busar da ciyawa. Kafin lokacin, a tura ma'aikatan ofishinku na Kalaba da kuɗin share iyakoki da na masu gadi zuwa kowane wuri da Allison ya rubuta, a fara da waɗanda ke tsakiyar gonaki, sannan a sanar da jama'a sunayen wuraren da aka je da halin da aka tarar da kowane dutse.

Allah ya ba ka ikon sauke wannan amana.

Naka,
Wani ɗan ƙasa mai kishin tarihinta, daga Kano.